Yadda ciwon sukari yake raunana naman zuciya

Idan aka ambaci illar ciwon sukari, abin da yake fara faɗo wa mutane a rai shi ne gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, ko dushewar gani, ko ciwon ƙoda. Duk waɗannan gaskiya ne. Amma akwai wata ɓarna da ciwon yake yi a ɓoye cikin ƙirji, shekara da shekaru, ba zafi ba raɗaɗi: yana sauya naman zuciya da kansa har ta kasa aikinta. A duniya, cututtukan zuciya da na hanyoyin jini su ne suka fi kashe manya masu ciwon sukari. Saboda haka, ya kai mai karatu, ko kai ne kake da ciwon, ko mahaifiyarka, ko maigidanki, yana da kyau ka san yadda abin yake faruwa tun ƙafa ba ta kumbura ba.

Bari mu fara daidaita kalmomi, domin Hausa takan ɗora wa kalma ɗaya kaya da yawa. Idan mutum ya ce yana da ciwon zuciya, mai yiwuwa baƙin ciki yake nufi, ko ƙwarnafi, ko faɗuwar gaba. Abin da muke magana a kansa daban ne, likitoci suna kiransa gazawar zuciya. Ba tsayawa zuciyar ta yi ba. Tana bugawa, sai dai jinin da take turawa bai wadaci jiki ba, ko kuwa ba ta iya karɓar jinin da yake komo mata sai da wahala. Haka kuma kalmar jijiya: da ita muke kiran bututun da jini yake bi, da ita muke kiran zaren da yake kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. A nan za mu ce da na farko hanyar jini, na biyu kuwa jijiyar saƙo.

Aikin da zuciya take yi

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana da ɗakuna 4. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya ɗebo iska. Ɓangaren hagu yana karɓar jinin daga huhu ya watsa shi ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Takan buga wajen sau 100.000 a kwana ɗaya, tana tura kimanin lita 5 a kowane minti idan mutum yana hutawa. Idan ka lissafa, ya haura lita 7.000 a kwana, wato jarka mai lita 25 har 280. Babu garuwan da zai iya wannan aiki kullum, babu hutun Juma'a, babu na salla.

Kowane bugu yana da rabi biyu. Akwai matsewa, lokacin da zuciya take fitar da jini. Akwai kuma saki, lokacin da take buɗewa ta cika. Mutane sun fi kula da na farko, amma ka riƙe na biyun da kyau, domin nan ne ciwon sukari yakan fara taɓawa.

Yadda aka gane

Da can likitoci sun ɗauka cewa ciwon sukari yana cutar da zuciya ta hanya ɗaya ce kawai: kitse ya toshe manyan hanyoyin jinin da suke ciyar da ita, wani sashe nata ya mutu. Wannan yana faruwa ƙwarai. Amma a 1972 wata likita a Amurka, Shirley Rubler, da abokan aikinta suka bincika zukatan wasu masu ciwon sukari su 4 da suka rasu da gazawar zuciya. Suka tarar manyan hanyoyin jininsu ba su toshe ba, amma naman zuciyar ya yi kauri, tabo ya ratsa shi. A 1974 kuma aka fitar da sakamakon wani dogon bincike na mutanen garin Firamingam, wanda aka fara tun 1948. Ya nuna cewa namiji mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi haɗarin gazawar zuciya fiye da ninki 2, mace kuwa ninki 5. Ko da aka cire lissafin hawan jini, da ƙiba, da toshewar manyan hanyoyin jini, bambancin bai gushe ba. Daga nan aka tabbata cewa ciwon yana cin naman zuciya kai tsaye.

Wannan magana ta shafe mu. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da ciwon sukari ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ne suke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. A Nijar, binciken da ma'aikatar lafiya ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2007 ya sami ciwon sukari ga wajen manya 4 cikin 100, hawan jini kuwa ga wajen 21 cikin 100. Har yanzu a cibiyoyin karatun manya nakan ji ana cewa ciwon sukari ciwon alhazai ne da manyan ma'aikata. Wannan magana ta tsufa. Shinkafa, da taliya, da burodi, da shayi mai sukari sun shiga ƙauye, babur kuma ya rage tafiyar ƙasa.

Abin da yake faruwa cikin naman zuciya

Abincin da ka ci yana narkewa ya zama sukari cikin jini. Domin sukarin ya shiga ƙwayoyin nama su yi aiki da shi, sai da wani sinadari da ake kira insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi take fitarwa. A nau'in ciwon sukari da ya fi yawa, wato nau'i na 2, insulin yana nan amma jiki ba ya jin maganarsa sosai. Sukari sai ya taru cikin jini, ƙwayoyin nama kuwa ba su samu yadda ya kamata ba.

Zuciya lafiyayya tana da makamashi iri biyu, mai da sukari, tana sauyawa daga wannan zuwa wancan gwargwadon bukata. Idan aiki ya yi tsanani ko iska ta yi ƙaranci, takan karkata ga sukari, domin ƙona shi bai kai ƙona mai cin iska ba. Zuciyar mai ciwon sukari ta rasa wannan zaɓi. Kusan mai kaɗai take ƙonawa, tana kashe iska mai yawa don samun ƙarfi kaɗan. Man da yake shigowa kuma ya fi wanda take iya ƙonawa, sai ragowar ya taru cikin ƙwayoyin tsokar. Wannan ragowa, tare da dattin da ƙonawar take bari, yana zama guba gare su. Wasu ƙwayoyin su raunana, wasu su mutu. Ƙwayar tsokar zuciya kuwa idan ta mutu, kusan ba a samun sabuwa a madadinta. Tabo ne yake cike gurbin, tabo kuma ba ya matsewa, ba ya saki.

Ɓarna ta biyu ita ce ta fi sauƙin fahimta ga duk wanda ya taɓa shiga majema. Tsakanin ƙwayoyin tsokar zuciya akwai wasu zarurruka da suke riƙe su, ana kiransu kolajen, irinsu ne suka yi fatar dabba. Idan sukari ya yi yawa cikin jini na tsawon lokaci, yakan manne wa waɗannan zarurruka, ya ɗaure wannan da wancan. Ka kwatanta fatar jan akuyar Maraɗi da aka jeme da kyau, wadda dukawa suke lanƙwasawa yadda suka so, da ƙirgin da aka shanya a rana ya bushe ƙamas. Abu ɗaya ne asalinsu, amma ɗaya yana miƙewa, ɗaya ba ya yi. Zuciyar da ta daɗe cikin sukari tana tafiya ne daga halin fata zuwa halin ƙirgi. Bugu da ƙari, sakin tsoka ba hutu ba ne kawai: bayan kowane bugu sai ƙwayar tsoka ta kwashe sinadarin kalsiyam ta mayar da shi ma'ajinsa, wannan aiki kuwa yana cin ƙarfi, kuma a ciwon sukari yana yin nawa. Abu biyun nan idan suka haɗu, ɗakin hagu na ƙasa ya kasa buɗewa da sauri. Jinin da yake zuwa daga huhu ya tarar da ƙofa mai tauri, ya yi cunkoso a baya, ruwa ya fara tsattsafowa cikin huhu. Ga asalin hakin da mutum yake ji.

Wannan shi ya sa za a iya yi wa mutum hoton zuciya a ga tana matsewa da ƙarfi, tana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu kamar ta mai lafiya, alhali kuwa yana da gazawar zuciya. Matsalar tana wajen cika. Daga baya ne a wasu mutane ƙarfin matsewar ma yakan ragu, ya sauka zuwa kashi 40 cikin 100 ko ƙasa da haka, zuciyar ta buɗe ta yi girma.

Sai ƙananan hanyoyin jini, waɗanda suka fi gashi siranta. Manomin rani a Jiratawa ko Ƙonni ya san cewa ko da babban lambatu cike yake da ruwa, idan ƙananan magudanan da suke kai shi fangali suka cushe, shuka za ta yi yaushi. Sukari yana kumbura bangon waɗannan ƙananan hanyoyi, yana hana su buɗewa lokacin da zuciya take bukatar ƙarin jini, wasu ma su ɓace. Irin ɓarnar da yake yi a ido da ƙoda ce. Don haka idan an gaya maka ciwon ya taɓa idonka, ko an ga sinadarin furotin cikin fitsarinka, ka nemi a duba zuciyar ma.

Jijiyoyin saƙo su ma ba su tsira ba. Kamar yadda tafin ƙafa yake mutuwa har mutum ya taka ƙaya bai ji ba, haka jijiyoyin da suke daidaita bugun zuciya suke lalacewa. Zuciya ta riƙa gudu ko mutum yana kwance, jiri ya ɗebe shi idan ya miƙe tsaye. Mafi haɗari shi ne babbar hanyar jini tana iya toshewa, wani sashen zuciya ya mutu, mai ciwon bai ji zafin ƙirjin da zai sa a ruga da shi likita ba, sai dai zufa, da kasala, da tashin zuciya.

Ƙoda kuma idan ta taɓu takan riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau, nauyin da ke kan zuciya ya ƙaru. Hawan jini shi ne babban abokin tafiyar ciwon sukari a wannan aiki. Wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya duba marasa lafiya fiye da 1.000 a ƙasashe 9 na Afirka kudu da Sahara, ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya, kuma matsakaicin shekarun majinyatan 52 ne. Wato magidanta ne masu ciyar da iyali, ba tsofaffi tukuf ba.

Alamun da za ka lura da su

Na farko shi ne haki a aikin da ka saba yi ba wahala. Tafiyar masallaci ko kasuwa da kake yi a miƙe, yanzu sai ka tsaya ka huta. Mace ta ga ba ta iya gama dakan da ta saba. Yawanci akan ce tsufa ne ko zafin rana, a bar shi. Daga nan sai kwanciya ta gagara: idan ka kwanta rigingine numfashi ya sarƙe, sai ka ƙara matashi, ko ka kwana a jingine. Wani yakan farka tsakar dare kamar an shaƙe shi, ya fita tsakar gida neman iska. Akwai tarin dare wanda akan ɗauka na sanyi ne ko na fuka.

Sai kumburi. Yakan fara daga idon sawu, ya fi yawa da marece, takalmi ya matse. Ka danna yatsa a kan ƙashin ƙwauri na ɗan lokaci. Idan ka ɗaga ka ga rami ya zauna, ruwa ne. Idan abin ya ci gaba ciki ma yakan kumbura, abinci ya fita rai. Nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba ba ce, ruwa ne yake taruwa.

A nan ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka bari a yi wa ƙafar mai ciwon sukari tsaga ko ƙaho don a fitar da kumburi. Ruwan ba daga ƙafa yake ba, daga zuciya da ƙoda yake, kuma yankan aska a irin wannan ƙafa yana iya zama gyambon da zai kai ga yanke ta.

Idan numfashi ya sarƙe mutum yana zaune bai yi aikin komai ba, ko yana tari da kumfa, ko leɓɓansa sun sauya launi, ko ya suma, ba a jiran wayewar gari. A zaunar da shi, ƙafafu a ƙasa, kada a kwantar da shi, a nemi mota.

Awon da ya kamata a yi

Ana cewa mutum yana da ciwon sukari idan awon safe kafin cin abinci ya kai giram 1,26 cikin lita, aka sake awo aka tabbatar. Akwai wani awo da ya fi wannan faɗin gaskiya, HbA1c, wanda yake auna yawan sukarin da ya manne wa jan jini cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Irin mannewar nan ce da muka ce tana taurara zuciya, don haka awon yana ba ka labarin abin da ba ka gani. Ga mafi yawan manya ana so ya tsaya ƙasa da kashi 7 cikin 100. Ga tsoho ko mai rauni likita yakan sassauta, domin faɗuwar sukari ma tana wahalar da zuciya.

Awon hawan jini, wanda ake ce wa tansiyo, ana yinsa a ƙananan gidajen likita, kada ka fita ba a yi maka ba. Daga 14 bisa 9 ya hau. Ga mai ciwon sukari an fi so ya sauka wajen 13 bisa 8. Wani babban bincike da aka yi a Ingila, wanda aka fitar a 1998, ya nuna cewa masu ciwon sukarin da aka tsananta wa kula da hawan jininsu, haɗarin gazawar zuciya ya ragu gare su da fiye da rabi. A ganina wannan ne ya fi kowane adadi a wannan shafi amfani, domin maganin hawan jini yana cikin mafi araha.

Hoton zuciya na eko, da awon lantarkinta, da awon jini na NT-proBNP wanda yake nuna zuciya tana cikin matsi tun alamu ba su fito ba, an fi samunsu a manyan asibitocin birane irin su Yamai, Maraɗi da Damagaram. Idan kana da haki ko kumburi, ka nemi takardar da za ta tura ka can.

Abinci da magani

Gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi bai kai giram 5 a yini ba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen miya, da kanwa, da gishirin kilishi duk suna cikin lissafin. Ke uwargida, ki rage su sannu a hankali, ki ƙara daddawa maras gishiri, da albasa, da tafarnuwa. Harshe yana sabawa cikin ƴan makonni. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wanka da na gado. Mai jegon da take da ciwon sukari ko hawan jini ta nisanci kanwa.

Sukari kuwa, gwangwanin lemu na santilita 33 yana ɗauke da wajen giram 35, kamar ƙwayar sukarin kwali 6 ko 7. Shayin majalisa, na farko da na biyu da na uku, ka ƙidaya da kanka abin da ake zubawa. Ba a hana ka tuwon gero ko fura ba, amma a rage yawa, a bar sa sukari, a yawaita wake, da zogale, da rama, da kuɓewa. Tafiyar ƙasa ta minti 30, kwana 5 a mako, da sanyin safe ko bayan la'asar, tana sa jiki ya ƙara jin insulin. Taba kuwa a bar ta ɗungum.

Ka yi hattara da magungunan da ake talla a faranti da kan keke. Diklofenak da ibuprofen, da ake sha don ciwon gwiwa da gajiya, suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna iya tayar da gazawar zuciyar da ta lafa. Deksametazon da wasu mata suke sha don su yi jiki yana hawar da sukari da jini gaba ɗaya. Cikar da yake kawowa ba ta lafiya ba ce.

Metformin shi ne maganin da aka fi farawa da shi a nau'i na 2, kuma ba ya cutar da zuciyar da take zaune lafiya, muddin ƙoda tana aiki. Idan gazawar ta bayyana, akan ba da furosemid don fitar da ruwa. Yana kawo sauƙi da sauri, shi ya sa mutane suke riƙe shi su watsar da sauran. Amma sauran, irin su enalapril, da bisoprolol, da spironolakton, su ne aka tabbatar suna tsawaita rai idan ƙarfin matsewar zuciya ya ragu, ko da ba ka jin aikinsu a jiki. Kada ka daina su don kumburi ya saɓe.

Akwai kuma sabon rukunin magani da yake sa ƙoda ta zubar da sukari da gishiri ta fitsari. A 2015 aka nuna cewa ɗaya daga cikinsu, empagliflozin, ya rage kwantar da masu ciwon sukari a asibiti saboda gazawar zuciya da kashi 35 cikin 100. A 2019 aka ga ɗan'uwansa dapagliflozin yana taimakon masu gazawar zuciya ko da ba su da ciwon sukari. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan rukuni cikin jerin magungunan da ba a rasawa. Yana da tsada a kan metformin, yana iya kawo ƙaiƙayin gaba, kuma ana dakatar da shi idan mutum yana amai, ko zawo, ko ya kasa cin abinci. Ka tambayi likitanka ko ya dace da kai. Kada ka saya da kanka.

Lokacin zafin watan Afrilu da Mayu, da lokacin azumi, mai shan maganin fitar da ruwa yana bukatar a sake duba masa adadi. Ka je likita mako 6 zuwa 8 kafin azumi ya kama. Idan kana azumi awo ya nuna sukari ya sauka ƙasa da giram 0,70, ko ya haura giram 3, shawarar likitoci ita ce ka sha ruwa nan take.

Daga ƙarshe ka samu ƙaramin littafi, ban da karnen likita. Ka ja layi huɗu: kwanan wata, nauyi, tansiyo, sukari. Idan akwai sikeli kusa, ka hau da safe bayan fitsari, kafin karin kumallo, da tufa iri ɗaya. Ko da boko ka rubuta ko da ajami duk ɗaya ne, lambobin ne abin bukata, kuma wanda ya yi wata uku a ajin karatun manya ya iya su. Wanda bai iya ba, ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa. Ranar komawa likita ka tafi da littafin, ka zuba dukan magungunan da kake sha cikin leda ɗaya, har da na gargajiya da wanda maƙwabci ya ba ka, ka ajiye su gaban likita ya gani.